Rigar Teuvo Mai Lamba Ɗaya

Mako bakwai da binne Teuvo Haapsaari, ƙungiyar hokin ƙanƙara ta garin Haarakoski ta aiko wa matarsa takarda. Wai ranar Asabar ta ƙarshen Nuwamba, kafin a fara wasa, za a ɗaga rigarsa mai lamba ɗaya zuwa rufin zaure, kuma daga ranar babu golan da zai sake saka lambar. Haka ake yi wa manya. Terttu ta karanta a tsaye, ta ninke takardar, ta cusa ta ƙarƙashin gwangwanin kofi, ta koma kan dankalin da take ferewa. Ba ta ji komai ba. Tun ranar da aka kira ta daga asibiti take haka: tana ci, tana barci, tana amsa gaisuwa, amma abin da mutane ke jira su gani a fuskarta ya ƙi zuwa.

Rigar da za a ɗaga ba ta ainihi ba ce, kowa ya sani. Sabuwa aka sa aka saƙa, kore da ruwan ɗorawa, kwaikwayon ta dā. Ta ainihin ta ɓace shekara arba'in da takwas da suka wuce, kuma duk garin ya san wanda ya ɓatar da ita: Onni Lehmusto, ɗan bayan da ya yi shekara goma sha ɗaya yana tsayawa a gaban ragar Teuvo. Terttu kaɗai ta san Onni bai ɓatar da komai ba. A kan rigar take tsaye tana fere dankalin.

A wancan zamanin babu zaure, babu rufi. Fili ne a bayan kamfanin takarda, an kewaye shi da katako, ma'aikata su yi ta fesa masa ruwa da tiyo har ya daskare. 'Yan kallo a kan tudun dusar ƙanƙara suke tsayawa, suna buga ƙafa don kada yatsu su mutu. Teuvo kuwa yana bakin raga da fuska a buɗe, don a Haarakoski ta lokacin golan da ya rufe fuska sunansa matsoraci. Baƙin faifan robar da suke bugawa da sanduna, in ya sha sanyi, ba shi da maraba da dutse. Da shi aka zubar wa Teuvo haƙoran gaba shida, aka karya masa hanci sau uku. Mazan garin suna ƙirga ɗinkin fuskarsa da alfahari kamar su suka sha zafin. Terttu ce mai wanke jinin.

A watan Fabrairun shekarar, saura wasa biyar ƙungiyar ta haura babban rukuni, abin da ba ta taɓa yi ba, suka je wasa wani gari can arewa. Faifai ya sami Teuvo a ƙasan idon hagu. Ya ƙarasa wasan a haka, suka ci, sannan aka kwantar da shi a asibitin garin. Rigarsa aka danƙa wa Onni ya kai gida a wanke. Onni ya sha giyar murna a cikin jirgin ƙasa har bai san inda kansa yake ba, amma duk da haka ƙafarsa ta kai shi ƙofar gidan, ya rataye jakar a hannun ƙofa, ya wuce. Da safe Terttu ta buɗe ta same ta. Jini ya daskare a ƙirjin rigar har tana iya tsayawa da kanta. Terttu na da cikin wata bakwai, kuma an riga an aiko mata cewa da faifan ya matsa sama da faɗin yatsa ɗaya, da idon ya tafi. Ta ɗauko almakashi.

Ta wanke rigar tukuna, don hannunta ya saba. Sannan ta yanka ta siri-siri, yadda ake yi wa tsofaffin kaya a kowane gida, ta naɗe, ta jefa cikin buhun tsumman mahaifiyarta. Tsohuwar ba ta tambaya ba, don a garin rabin tsumman kowa kore ne da ruwan ɗorawa. Da bazara ta saƙa doguwar darduma, ta haɗa da wandon aikin mijinta da wani tsohon labule, ta kawo wa 'yarta ta shimfiɗa a kicin.

A lissafin Terttu, 'yar shekara ashirin da huɗu a lokacin, mutumin da bai taɓa shiga fili ba tare da rigar nan ba cikin shekara tara, wanda ko zare ɗaya ba ya yarda a canza mata, in babu ita zai zauna a gida da idanunsa biyu. Da ya dawo ya tambaya, sai ta ce, "Ba a kawo ba." Onni ya dafe kai ya yi ta tunani, bai tuna komai ba bayan tasha ta biyu. Teuvo ya ari rigar wani ya shiga fili, aka lallasa su wasa huɗu a jere. Ƙungiyar ba ta sake jin ƙamshin babban rukuni ba har yau. Shi kuma ya ƙara shekara shida yana tare faifai da fuska. Wato ko abin da ta yi aika-aikar dominsa ba ta samu ba.

Onni bai sake kai giya bakinsa ba. Teuvo ya yafe masa, kuma ya ci gaba da yafe masa a gaban jama'a duk lokacin da aka taru, irin yafiyar da gara mari ɗaya da ita.

Ranar Talata Jarkko, shugaban ƙungiyar, ya roƙe ta ta zo zaure ta zaɓi hotunan da za a haska. Ta same su a wurin shan kofi, tsofaffin 'yan wasa bakwai ko takwas da suka rage, inda suke zama duk safiyar Talata kusa da akwatin gilashin da aka tara sandunan katako da takalman ƙanƙara masu tsatsa. Pentti, wanda ya fi kowa murya tun yana ɗan gaba, shi ya fara hango ta.

"Ga matar gola! A matsa mata. Terttu, zo ki raba mu. Wasan nan da aka yi cikin sanyin digiri talatin ƙasa da sifili, faifan ƙarshen da Teuvo ya tare, ba da hanci ba ne?"

"Da goshi," in ji wani.

"Da hanci! Ina wurin!"

"Kana wurin ina? Kana benci kana ɗumama mazaunai."

"To daga bencin ba a gani?"

Terttu ta ce ba ta sani ba, ita dai ta san an ɗinke shi. Suka yi dariya kamar ta yi barkwanci.

"Yaran yanzu fa," Pentti ya nuna filin ta gilashi, inda matasa ke atisaye, "dube su. An naɗe su kamar kofin tangaran za a aika gidan waya. Mu jarida muke cusawa a ƙwauri. Teuvo gashin doki ne a cikin abin kare ƙwaurinsa, in ya jiƙe sai mutum biyu sun ɗaga shi."

"Kai kuma jaridar kake tsayawa karantawa, shi ya sa ba ka taɓa komawa baya ba."

Mai maganar Onni ne. Yana can ƙarshen teburin, dogo har yanzu, sandarsa a jingine da gwiwa, kofin ruwan zafi a gabansa.

"Au, ka farka?" in ji Pentti. "Jarkko! Sabuwar rigar dai, kada ka kuskura ka ba Onni ajiya. Ba mu da wata shekara hamsin ɗin jira."

Teburin ya ɗauka. Onni ma ya yi dariya, ya ɗaga hannu ɗaya sama kamar wanda alƙalin wasa ya kama da laifi. "Tana ofis a kulle, Pentti. Ko hanyar ofishin an hana ni bi."

Terttu ta ji wannan zolayar sau dubu, a bukukuwa, a kanti, har a wajen binne mutane. Ta tsaya ta ji ta dubu da ɗaya, jakarta a hannu.

A ofis Jarkko ya baza mata hotuna, ta nuna biyar ba tare da ta duba sosai ba. Sai ya rufe ƙofa.

"Akwai wata 'yar matsala. Da na je duba Teuvo a asibiti, ya ce in ranar ta zo, Onni ne zai ja igiyar ɗaga rigar. Da bakinsa ya faɗa, sau biyu. To Onni ya ƙi."

"Me ya ce?"

"Wai ba shi da hannun da zai taɓa igiyar. Wai shi ya sa ta bogi za a ɗaga. Na yi na yi. Ya ce ma ranar zai zauna a gida ya ji a rediyo." Jarkko ya shafa ƙeya. "Ke kaɗai zai saurara, Terttu."

Ta ce za ta kira shi shan kofi. A hanyar gida ta laluba cikinta ko za ta sami tsoro, ko tausayi, ba ta sami ko ɗaya ba. Abin dai ya tsaya mata kamar kwanon maƙwabta da ya daɗe a gidan mutum. Wanda take ɓoye wa ya tafi, saura ta mayar.

Onni ya zo ranar Alhamis da ƙarfe biyu, rana ta riga ta fara faɗuwa, kamar yadda take yi da wuri a lokacin sanyi. Ya cire takalma a bakin ƙofa, ya tako da safar ulu a kan dardumar tun daga ƙofar kicin har teburi, ya zauna a kujerar da ya saba. Ta zuba masa kofi, ta yanka burodin zaƙi.

"Na san Jarkko ne ya turo ki," ya ce. "Kada ki wahalar da bakinki."

"Sha kofinka."

"Ina sha. Amma ki ji. Mutum ɗaya aka ba amana a rayuwarsa, abu ɗaya, jaka ɗaya. Daga tasha zuwa nan minti goma ne. Kin san sau nawa na bi hanyar nan da dusar ta narke? Har ƙarƙashin gada na shiga. Na rubuta wa ofishin jirgin ƙasa takarda uku." Ya gutsuri burodin. "Pentti ya ja. Dama yana son a gan shi."

"Onni, ka kawo ta."

"Na kawo me?"

"Rigar. Ka kawo. Ka rataye jakar a hannun ƙofa. Ni na ɗauka da safe."

Ya ci gaba da taunawa, a hankali, har ya haɗiye. Ya ajiye sauran burodin a gefen faranti.

"Sake faɗa."

Ta sake faɗa, da murya iri ɗaya, kamar mai karanta lokutan bas. Ta faɗa masa jinin, da cikin, da faɗin yatsa ɗaya, da almakashin. Ba ta ƙara gishiri ba, ba ta kuma nemi uzuri ba.

"Tana ina?"

Ta nuna ƙasa da haɓa.

Onni ya sunkuyar da kai ya duba. Dardumar ta koɗe, launin toka ya cinye yawancinta, amma daga tsakiya zuwa wajen murhu akwai layuka kore, jefi-jefi da ruwan ɗorawa. Sai ya ɗauke ƙafafunsa. Tsoho mai shekara saba'in da bakwai, mai gwiwar ƙarfe, ya ɗaga su da sauri ya ɗora a sandar kujera kamar wanda ya ga wuta. A ɗakin canza kaya, tun kafin a haife su, doka ɗaya ce ba ta da sassauci: rigar ƙungiya ba ta taɓa ƙasa. Wanda tasa ta zame daga ƙusa sai ya ɗauka ya sumbaci tambarin a gaban kowa, ya kuma ɗauki jakunkunan 'yan wasa mako guda. Terttu ta san dokar. Ita ma Teuvo ya hana ta ajiye rigar a kwandon wanki in kwandon na ƙasa.

"Teuvo ya sani?" Onni ya tambaya.

"A'a."

"A kai ya riƙa tafiya."

"E."

"Kowace safiya."

"E."

"Ni ma." Ya sake duba dardumar. "Da karenku."

"Karnuka biyu."

Wani sauti ya fito masa ta hanci, ba dariya ba ce sosai. Ya daɗe yana kallon layukan.

"Idon dai bai tafi ba," ya ce.

"Bai tafi ba."

Ya dafa teburi ya miƙe, ya taka katakon gefe, ya ture kujeru. Ya durƙusa da gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, abin ya ɗauke shi lokaci. Terttu ta matso za ta kama ɗaya bakin, ya ɗaga mata hannu ba tare da ya dube ta ba. Shi kaɗai ya naɗe ta, yana ja da gwiwa daga murhu har ƙofa, yana nishi. Ya ɗora ta a kan kujerar Teuvo, sannan ya koma tasa ya zauna yana mayar da numfashi.

"Ranar Asabar zan karɓi abin magana in faɗa wa jama'a," in ji Terttu. "Ko in gaya wa Jarkko gobe, ya san yadda zai faɗa. Ka zaɓa."

"Ba za ki gaya wa kowa ba."

"Onni."

"Na ce ba za ki gaya wa kowa ba. Saurara. Wani sakarai ya bugu a jirgi ya ɓatar da riga, wannan labari ne. Ana ba da shi, ana dariya, ana cewa da ba don Onni ba da mun haura. Mutane suna son sa. Garin nan me ya rage masa? Kamfani ya rufe. Sai wannan da-ba-don ɗin." Ya nuna naɗin da ke kan kujera. "Amma ki fito ki ce rigar Teuvo a ƙasa take shekara arba'in da takwas, a gidansa, da ƙafarsa yana taka ta yana soya tsiran alade? Wa zai sake ɗaga kai ya kalli rufin nan bai tuna ba? Da shi za su yi dariya. Ba ya nan balle ya rama."

"Kai fa?"

"Ni me?"

"Sunanka."

"Sunana." Ya juya kofin a kan faranti. "Matata Raili ta mutu shekara shida ke nan. A kanti ake tsayar da ita a ce ta riƙe mijinta da kyau kada ya ɓatar da ita. Tana dariya, ta dawo gida ta shiga ɗakin wankan tururi ita kaɗai ta rufe ƙofa. Ita ce na so ta ji. Yanzu wa zan kai wa? Pentti?"

A nan ne abin ya taɓa Terttu, karo na farko cikin mako bakwai. Ba baƙin cikin da ake ta jira ba ne. Kunya ce, mai sanyi, ta hau ta tun daga tafin ƙafa. Raili ta zauna a kicin ɗin nan ba sau ɗari ba, ta taɓa ma tambayarta wa ya saƙa dardumar don ta yi ƙarko.

"Ka yi haƙuri," ta ce. Ita da kanta ta ji ƙanƙantar maganar.

Ya shanye kofin, ya tashi, ya saka takalma. Ya saɓa naɗin a kafaɗa, sanda a ɗaya hannun.

"Ki ce wa Jarkko zan ja."

"Ina za ka kai ta?"

"Inda ba ƙasa ba."

Ranar Asabar zauren ya cika har matakala, abin da ya daɗe bai yi ba. An shimfiɗa jan kafet a kan ƙanƙara, aka fito da Terttu, Jarkko na riƙe da gwiwar hannunta. 'Yan wasan ɓangarorin biyu suka jeru suna buga sanduna a ƙasa. Aka rage fitilu, aka haska hotunan: Teuvo a bakin raga, baki ba haƙora, dusa a gira. Mai sanarwa ya karanto shekaru da wasanni da yawan ɗinki, jama'a na tafi a kowace lamba. Terttu ta kalli hotunan kamar na mijin wata. Ƙafafunta kawai take ji, suna sanyi ta cikin kafet.

Aka kira sunan Onni. Ya tako a hankali cikin baƙar kwat, ya tsaya kusa da ita bai dube ta ba. Sabuwar rigar na rataye a sandar ƙarfe, korenta na ɗaukar ido, babu tabo ko ɗaya. Ya miƙa wa Jarkko sandarsa, ya kama igiyar da hannu biyu. Zauren ya yi tsit.

Daga layin tsofaffin, muryar Pentti ta tashi har ƙarshen zaure.

"Riƙe da kyau, Onni! Kada ka ɓatar da wannan ma!"

Mutum dubu biyu suka fashe da dariya, har da waɗanda ke share hawaye. Onni ya saki igiyar da hannu ɗaya, ya ɗaga shi sama, yana murmushi, yana gyaɗa kai ga kowane ɓangare. Sannan ya ɗan karkato wajenta, bakinsa bai daina murmushin ba.

"Yi dariya, Terttu," ya ce ƙasa-ƙasa. "Suna kallonki."

Ta yi. Shi kuma ya fara ja.